Kurakuran da ke kashe membiren a gidajen ruwan leda

A makon jiya kaɗai sau uku aka kira ni kan matsala iri ɗaya, kuma duk ukun da magana ɗaya suka tare ni: "Injiniya, membiren ɗin nan jabu aka sayar mana." Na je na duba. Babu jabu ko ɗaya a ciki, masu shi ne suka kashe shi da hannunsu. Shekara goma sha ɗaya ina ɗaura injin RO, wato injin tace ruwa da membiren, ina gyara shi a Kano da kewaye, yawanci a gidajen ruwan leda, kuma na gaji da yin bayani a tsaye a bakin inji, ana ihu saboda ƙarar janareta, a ce an gane, bayan wata uku a sake kira na kan abu ɗaya.

Ga wanda bai taɓa fasa shi ya gani ba, membiren tantani ne da aka naɗe kamar tabarma aka cusa a bututu. Wanda aka fi samu a ƙananan masana'antu shi ne 4040, wato inci 4 a faɗi, 40 a tsawo. Fatar da ke ainihin aikin tacewar ta fi gashin kai siranta sau ɗaruruwa. Famfon matsi yana tura ruwa a kanta da ƙarfi, ruwan ya ratsa, gishiri da datti su tsaya su bi ta bututun zubarwa. Duk sauran abin da ka gani a jere kafin ita, tankin yashi da na gawayi da ƙaramin abin tacewa da muke kira kyandir, masu gadinta ne.

Zan fara da kulorin, don shi ya taɓa cin jarina.

Shekarata ta uku a aikin nan na ɗaura wa wani Alhaji inji mai membiren shida. Aiki ya yi kyau, alƙalamin TDS, mai auna yawan gishirin da ya narke a ruwa, yana nuna 12 kacal, Alhaji yana ta sa mini albarka. Wata rana da yamma yaron da ke kula da injin ya kira ni, wai sun ga mataccen ƙadangare a babban tanki. Ina wani aikin a lokacin, sai na ce masa ta waya ya kwashe shi, ya zuba garin kulorin ya bar shi ya kwana. Ban faɗa masa nawa zai zuba ba. Ban ce ya zubar da ruwan ya ɗauraye tankin ba. Abin da ya fi komai muni, na manta cewa kwana biyu kafin nan ni da kaina na buɗe bawul ɗin da ke kewaye tankin gawayi, wanda shi ne ke cire kulorin daga ruwa, saboda ina jiran a kawo sabon gawayi. Yaro ya ɗebi cike da gwangwanin madara ya antaya, da safe ya kunna inji.

Bayan kwana uku Alhaji ya kira ni cikin fara'a: "Injiniya, wace addu'a ka yi wa injin nan? Ruwa ya ƙaru." Ni kuma, don rashin sani, na yi dariya na ce ai albarkar kasuwa ce, ranka ya daɗe. Ashe kallon kitse muke wa rogo. Kulorin ya ci fatar, ta yi sako-sako, shi ya sa ruwa ke wucewa da yawa, kuma ba ruwan kaɗai ke wucewa ba. TDS ya tashi daga 12 zuwa 40, kafin ƙarshen wata ya haura 90. Na wanke da asid, na wanke da soda, na canza zoben roba, duk a banza, domin ɓarnar kulorin ba ta da gyara. Fatar da ta ƙone ta ƙone. Rabin kuɗin membiren shida daga aljihuna ya fita, a lokacin ko babur ban gama biya ba, kuma Alhaji bai sake kira na ba sai bayan shekara biyu.

Har yau nakan ji tsofaffin masu gyaran famfo suna cewa ɗan kulorin kaɗan ba ya yi wa membiren komai, har ma yana hana shi yauƙi. Maganarsu tana da asali. Membiren na farko da aka ƙirƙiro a Kalifoniya wajen 1960 an yi shi da wani sinadari dangin auduga, kuma yana jure ɗan kulorin. Wanda muke saya yau daban ne, sunan fatarsa foliyamaid, kuma takardar da ke zuwa da shi tana cewa kada kulorin ya kai 0.1 miligiram a lita. A wajena wannan yana nufin sifili. In ruwanka yana da ƙarfe, ƙarfen yana ƙara wa kulorin kaifi, ɓarnar ta zo da wuri. Kuma ba sai ka zuba da hannunka ba: ruwan famfon gwamnati yana zuwa da nasa, haka ruwan tanka in daga can aka ɗebo. Injin ozon mai kashe ƙwayoyin cuta da ake sawa a tankin ruwan da aka gama tacewa ma, in babu abin da zai hana ruwan dawowa baya, aikin kulorin zai yi maka.

Abin da nake yi tun daga ranar: na cire wannan bawul mai kewaye gawayi daga duk injin da na ɗaura, ba na sa shi ko an roƙe ni. Sannan ina ajiye wa yaro ƙwayar gwaji ta DPD, kowace safiya ya ɗebi ruwa daga bayan tankin gawayi ya jefa ɗaya. In ruwan ya nuna ko alamar ja-ja, ba a kunna famfon matsi. Wasu abokan aikina sun fi son zuba metabaisalfait da ƙaramin famfo ya kashe kulorin ɗin. Yana aiki, amma ni ban yarda da abin da ya dogara da tunawar yaro ba. Ranar da jarkar ta ƙare bai lura ba, shi ke nan.

Na biyu shi ne bautar alƙalamin TDS. Mutum zai tsoma shi a kofi, ya ga 30, ya ɗaga wa jama'a kamar ya ci kofi. Alƙalamin nan abu ɗaya yake aunawa: yadda ruwa ke ɗaukar lantarki. Ba ya ganin ƙwayar cuta, ba ya ganin fetur, ba ya ganin maganin feshi. Kuma a cikin gishirin da yake gani ɗin, bai san wanne ne na ƙwarai wanne ne naitiret ba.

Naitiret kuwa shi ne babban abin da ke damu na da burtsatsen cikin gari. Daga masai yake zuwa, da sokawe, da juji, da kashin gidan kaji, a gefen gari kuma daga takin zamani, yuriya da NPK, da ruwan sama ke nutsar da shi ƙasa. Ba shi da launi, ba shi da wari, ruwa garau kamar hawaye. Ma'aunin ruwan sha na Najeriya, NIS 554 da ya fito a 2007, ya tsayar da iyakarsa a miligiram 50 a lita, daidai da na Hukumar Lafiya ta Duniya. Babba zai iya sha bai ji komai ba. Jariri ɗan ƙasa da wata shida da ake dama wa madarar gwangwani shi ne abin tsoro, don naitiret yana hana jininsa ɗaukar iska yadda ya kamata har leɓɓansa su yi shuɗi. Su wa ke sayen ruwan leda don dama madarar jariri? Matan da suka ƙi ruwan rijiya saboda sun yarda da kai. Kuma tafasawa ba ta cire shi. Ruwa ne ke tafiya da tururi, naitiret ɗin ya zauna ya ƙara kauri.

A nan ake kurakurai iri-iri, ɗaya kan ɗaya. Akwai wanda zai sayi injin UF, mai wani irin membiren da ramukansa suka fi na RO girma, saboda ya fi araha kuma ba ya zubar da ruwa sosai, ya ɗauka ai membiren membiren ne. UF yana tare laka da ƙwayoyin cuta, amma abin da ya narke a ruwa wucewa yake kamar sauro ta tagar da ba raga. Naitiret, gishiri, duk su wuce. In takardar gwajinka ta nuna naitiret, RO ne maganinka. Shi ma RO ɗin bai kama naitiret kamar yadda yake kama fosfet ko salfet ba. Sabo mai lafiya yakan cire wajen kashi 90 cikin 100. Yi lissafi da kanka: burtsatse mai 200, ka samu 20, lafiya lau. Membiren ya tsufa ya koma cire kashi 70, ka samu 60, ka haura iyaka, alhali alƙalaminka na iya nuna adadin da ba zai tayar maka da hankali ba.

Sai masu gauraya. Ruwan RO zalla lami ne a baki, masu saye suna ƙorafi wai ba ya kashe ƙishi, sai a ɗauko ɗan bututu a kewaye membiren a riƙa sirka ɗanyen ruwa a cikin tatacce. In ɗanyen ruwan ba shi da naitiret, babu laifi, ni ma nakan yi. Amma in yana da shi, ka fitar da ɓarawo ta ƙofa ka buɗe masa taga. A irin wannan wuri nakan sa ƙaramin tanki na tsakuwar farar ƙasa, wadda ake kira kalsait, bayan membiren, ita ta dawo wa ruwan da ɗanɗanonsa.

Akwai kuma tarkon takardar ɗakin gwaji. Wasu suna rubuta naitiret da NO3, wasu NO3-N, kuma ba ɗaya ba ne. In ka ga N a ƙarshe, ninka adadin sau 4.4. Wani Malam ya taɓa nuno mini takarda mai 15 yana murmushi, wai ko rabin 50 bai kai ba. Na ce masa Malam, 66 ke nan. Murmushin ya tafi. Kuma gwaji ɗaya da aka yi don samun lambar NAFDAC ba ya ɗaukar ka har abada. Ni sau biyu nake sa a yi a shekara, ɗaya cikin Afrilu da zafi ya yi zafi, ɗaya cikin Satumba da ƙasa ta ƙoshi da ruwa, kuma ina kai ɗanyen ruwa da tatacce tare, a kwalabe biyu.

Kafin in bar zancen gwaji: a auna ruwa kafin a sayi inji, ba bayan an saya ba. Rabin mutanen da ke zuwa wajena sun riga sun biya kuɗin inji, sannan suke neman sanin ruwan da za su zuba masa.

Wari kuma, musamman na mai. In burtsatsenka yana kusa da gidan mai ko garejin makanikai, ko kana unguwar masana'antu irin su Sharaɗa da Challawa da Bompai, kada ka ce membiren zai ji da komai. Mai yana shafe fuskar tantanin ya toshe shi, sannan wasu ƙananan sinadarai marasa caji suna iya ratsa RO su fito ta ɗaya ɓangaren. Wannan aikin gawayi ne, kuma gawayi yana ƙoshi. Wanke shi ta baya yana fitar da laka ne kawai, ba ya mayar da shi sabo. Ni duk shekara nake zubar da shi, in ruwan mai wari ne duk wata shida. A Singafo, inda suke tace ruwan da gari ya yi amfani da shi su sake sa shi aiki tun 2003, ba su dogara da RO shi kaɗai ba: akwai abin tacewa a gabansa, akwai fitilar UV mai kashe ƙwayoyin cuta a bayansa. Kai da kake da tankin gawayi ɗaya ɗan shekara huɗu, me ka taka?

Yanzu bari in zo kan wanda ke sa ni ɗaga murya, wato matse bawul ɗin zubarwa.

Na sani, yana ciwo. Ka sayi dizal ka ɗago ruwa daga ƙasa, ka tsaya kana kallon rabinsa yana bin kwata. Sai mai gida ya zo zagaye, ya ga bututu yana kwarara, ya ce wa yaro "kai, wannan almubazzaranci ne, rage shi." Yaro ya murɗa. Ruwan kirki ya ƙaru nan take, kowa ya ji daɗi. To wannan ruwan da kuke jin haushinsa shi ne tsintsiyar da ke share fuskar membiren. In kana ɗaukar rabi kana zubar da rabi, gishirin da ya rage ya ninka sau 2. In ka ɗauki kashi 75, ya ninka sau 4. In ka kai 90, sau 10. Dubi gindin butar shayi da ta daɗe a wuta, wannan farin ɓawon da ke kamawa. Shi ne zai kama a cikin membiren ɗinka, kuma daga na ƙarshe a jere yake farawa. Na taɓa zaro wani da sai da muka kama mu biyu, da na girgiza shi farar ƙasa tana zubowa kamar garin kanwa. Mai shi yana tsaye yana rantsuwa babu wanda ya taɓa bawul. Yaron yana bayansa yana kallon silin.

Garin neman gira kuna rasa ido. Kuɗin dizal ɗin da kuka tsimi bai kai kwatar kuɗin membiren ba, wanda da dala ake shigo da shi. A ƙaramin inji ni a rabi da rabi nake tsayar da shi, in ruwan mai sauƙi ne in ɗan haura, in kuma ana son fiye da haka sai da maganin hana ɓawo da ake ɗigawa a ciki. Bayan na saita, cire hannun bawul ɗin nake yi in tafi da shi a jakata. An ce mini wannan rashin kunya ne. Na yarda.

Ruwan zubarwar ba dole ya tafi a banza ba. A tara shi a wanke ƙasa, a kora bayan gida, a wanke motocin rabo. Abin da kawai na hana shi ne a bar shi yana nutsewa a gindin burtsatsen, don naitiret ɗin da ka sha wahalar cirewa komawa yake inda ya fito.

Hutu ma yana kisa. Sallah ta zo, an kashe inji an rufe gida kwana biyar, membiren yana cike da ruwa mai kauri, ga zafin ɗaki, ga naitiret da fosfet da ruɓaɓɓen datti, wato abincin ƙwayoyin cuta a kwano ɗaya. Ka dawo ka buɗe, wari kamar kududdufi, ka shafa bakin bututun ka ji yauƙi kamar miyar kuɓewa. Duk lokacin da za a kashe inji, a kora shi da ruwa ba tare da famfon matsi ba na ɗan mintoci. In hutun zai wuce kwana biyu, ko dai wani ya zo kullum ya kunna shi na rabin awa, ko a cika shi da ruwan metabaisalfait, giram 10 a kowace lita, a toshe. Kada kuma a zaro membiren a jingina a bango ya bushe. Wanda ya bushe da wuya ya dawo yadda yake.

Wanki kuwa, kowa yana jira sai ruwa ya koma ɗigo. A lokacin an makara. Masu ƙera shi sun ce a wanke da zarar ruwan da ke fita ya ragu da kashi 10, ko bambancin matsi tsakanin shiga da fita ya ƙaru da kashi 15. Amma ta ina za ka san ya ragu da kashi 10 in ba ka rubuta na ranar farko ba? Littafin ɗalibai mai shafi arba'in ya isa: kwanan wata, gejin matsi na shiga da na fita, fitar ruwan kirki, fitar na zubarwa, TDS na ɗanye da na tatacce. Ka rubuta da zafin ruwan in kana da abin aunawa, don da hunturu ruwa yana ragewa da kansa, kusan kashi 3 a kowane digiri ɗaya da ya sauka. Duk Disamba sai an kira ni wai inji ya toshe, alhali sanyi ne kawai.

In za a wanke, soda ta farko: kostik soda mai rauni, giram 1 a lita, ita ke cire yauƙi da dattin da ya fito daga abu mai rai. A ɗauraye. Sannan asid ɗin lemo, giram 20 a lita, don ɓawo da tsatsa. In ka fara da asid a kan yauƙi, daskarar da shi kake yi. Wasu suna juya jerin in sun tabbata ɓawo ne zalla, ni ban cika yi ba, don ban taɓa buɗe membiren a garin nan na same shi babu yauƙi ko kaɗan ba. Da tataccen ruwa ake haɗa maganin. Garin sabulun wanki kuma na tufafi ne, a bar shi a can.

Sauran ƙanana ne, amma suna tara kansu. Kyandir mai maikiron 5 ba a wanke shi da buroshi a mayar, a sayi wani. In ya yi ja cikin kwana biyu, ƙarfe ne a ruwanka, ka bar ruwan ya sha iska a tanki ya kwanta kafin ya shiga yashi. Zoben roba da gilisarin ake shafa masa ko ruwa, ba basilin ba, basilin yana kumbura roba. Kada a rufe bawul ɗin ruwan kirki inji yana aiki, matsin da ya koma baya yana ɓanɓare fatar. Bayan an ɗauke wuta an dawo da ita, a bar ƙaramin famfo ya fitar da iska tukuna kafin a tayar da babba. Baƙin tanki a kan rufi cikin Afrilu yana dafa ruwa, membiren kuma iyakarsa digiri 45, a yi masa rumfa. Fitilar UV tana iya ci gaba da haske bayan ƙarfinta ya tafi, shekara ɗaya ce ranta.

Jabu kuwa akwai shi, ban musa ba. Na ga tsohon membiren da aka wanke aka sa a sabuwar leda. Shi ya sa nake ɗaga kowanne in ji nauyinsa kafin in biya, in leƙa bakinsa in ga ko da jan tsatsa a tsakanin naɗin, kuma ranar da na ɗaura nake auna TDS a gaban mai kayan, in rubuta a shafin farko na littafin, mu sa hannu mu biyu.